Darasi na Takwas: Amfani da Wayar Hannu Cikin Tsaro da Bin Doka

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya:

1. bayyana dalilin da ya sa doka ta ce a yi wa kowane layi rajista da sunan mai shi;
2. bambance lambobin da ake bayarwa da waɗanda ba a faɗa wa kowa;
3. gane kiran ɗan damfara da alat na bogi;
4. jera matakan da zai ɗauka idan wayarsa ta ɓata ko aka ƙwace ta;
5. faɗin abubuwan da doka ta hana yi da waya, da wuraren da ake ajiye ta;
6. kai ƙorafinsa inda ya dace idan kamfanin layi ya cuce shi.

Gabatarwa

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san lokacin da wasiƙa da sallahu ne hanyar isar da saƙo. Tarho kuwa sai a ofis ko gidan mai hali. A shekarar 2001 aka fara harkar wayar hannu ta zamani a Najeriya, kuma a farkon zuwanta layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye. A wancan lokacin aikin waya kira ne da saƙon tes. Wanda tasa ta ɓata, asararsa kuɗin waya da na layi.

Yanzu abin ya wuce nan. Layin da ke cikin wayarka yana haɗe da lambarka ta ɗan ƙasa, yana haɗe da asusunka na banki, da shi kuma 'yan'uwa da abokan ciniki suka san ka. Duk wanda ya riƙe layinka zai iya magana da sunanka, ya roƙi kuɗi da sunanka, har ya aikata laifi da sunanka. Wannan shi ne tushen darasinmu: layinka sunanka ne. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

1. Rajistar layi

> Akwatin kalmomi
> Layi (sim): ɗan ƙaramin katin da ake saka wa waya, wanda yake ɗauke da lambar mutum.
> NIN: lambar shaidar ɗan ƙasa. Alƙaluma 11 ce, kuma Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, wato NIMC, ita take bayar da ita.
> NCC: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda take sa ido a kan kamfanonin layi, take kuma kare haƙƙin masu amfani da waya.

Ka'idar NCC ita ce ba a amfani da layi sai an yi masa rajista. A wurin rajista ana ɗaukar sunanka da hotonka da zanen yatsunka. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ƙara da cewa dole a haɗa kowane layi da NIN, kuma a watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Dalilin shi ne masu garkuwa da mutane da 'yan damfara suna aiki da layukan da ba a san masu su ba. Idan kowane layi yana da mai shi a rubuce, jami'an tsaro suna da inda za su fara bincike.

Ka lura da inda binciken zai fara: wurin wanda sunansa yake kan layin. Saboda haka ka kiyaye waɗannan abubuwa huɗu:

- Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Sayarwa da sayen irin wannan layi saɓa doka ne.
- Kada ka yi wa wani rajistar layi da NIN ɗinka, ko da ya ce na kwana biyu ne.
- Ka je ofishin kamfani ko wurin wakilinsa da aka sani, ka tsaya a yi rajistar a gabanka.
- Idan za ka daina amfani da wani layi, ka fara zuwa banki ka canza lambar da ke kan asusunka. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan rufe shi ya sayar wa wani, sai alat ɗinka ya riƙa zuwa wa baƙo.

Domin duba ko layinka yana haɗe da NIN, ka danna \*996#. Idan ka manta NIN ɗinka, ka danna \*346# daga layin da ka yi rajistar NIN da shi. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan a kan wannan na biyun.

Misali na 1

Wani mai shayi yana da yaron shago da ya zo ci-rani, ba shi da NIN. Yaron ya ce, “Maigida, don Allah ka yi mini rajistar layi da taka.” Mai shayi ya ga abin ba wani abu ba ne, ya yi masa. Da damina ta faɗi yaron ya koma gida, a can ya sayar da wayar da layin a ciki. Bayan wata shida aka yi wa wani barazana da wannan layi. Da jami'ai suka duba rajista, sunan mai shayi da hotonsa suka gani. Ko da daga baya gaskiyarsa ta bayyana, ya riga ya rufe teburinsa na kwanaki yana zirga-zirga, ga kuɗin mota ga zargin unguwa.

Me ya kamata ya yi? Ya raka yaron cibiyar NIMC ya yi tasa NIN ɗin, tunda rajistar farko kyauta ce. Da hakan ya taimaki yaron taimako mai ɗorewa, ya kuma tsare sunansa.

2. Makullan waya

> Akwatin kalmomi
> Lambar sirri: alƙaluman da kai ka zaɓa domin buɗe waya, ko cire kuɗi da katin banki, ko tura kuɗi.
> OTP: lambar da banki ko wata manhaja take turo maka ta tes domin tabbatar da cewa kai ne. Sau ɗaya take aiki, kuma cikin 'yan mintuna take mutuwa.
> BVN: lambar tantance mai asusun banki. Alƙaluma 11 ce. Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014.
> PUK: lamba mai alƙaluma 8 da ake buɗe layi da ita idan ya kulle. Tana jikin babban katin da aka ɓallo sim daga ciki.

Mai shago yakan faɗa wa kowa inda shagonsa yake, amma ba ya raba wa mutane makulli. Haka lambobin waya suke. Lambar wayarka da lambar asusunka kamar kwatancen shago ne, kana iya ba wanda zai kira ka ko zai turo maka kuɗi. Lambar sirri da OTP da lambobin da ke jikin katin banki su ne makulli. Ba a faɗa wa kowa su, har ma'aikacin banki. BVN da NIN kuma ana bayar da su ne a wurin da ka je da ƙafarka ka san inda kake, kamar cikin banki ko ofishin hukuma. Ba a karanta wa wanda ya kira ka a waya.

Wurin zaɓen lambar sirri, ka guji 1234 da 0000 da shekarar haihuwarka da ƙarshen lambar wayarka, domin su ɓarawo yake fara gwadawa. Kada ka rubuta ta a bayan katin banki ko ka ajiye ta cikin sunayen da ke waya. Idan kana jin tsoron mantuwa, ka rubuta a takarda ka adana a gida inda kake ajiye takardun fili.

Makulli biyu ake so. Na farko shi ne na fuskar waya, ko da lamba ko da zanen yatsa. Na biyu shi ne na sim kansa, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Ɓarawo yana iya cire sim ɗinka ya saka a wata waya, amma idan akwai lambar sirri a kan sim ɗin, ba zai yi aiki ba sai an danna ta. Ka je ofishin kamfani a nuna maka yadda ake sakawa. Ka sani cewa idan aka yi kuskuren lambar sau 3 layin zai kulle sai da PUK, idan kuma aka yi kuskuren PUK sau 10, sim ɗin ya mutu. Don haka kada ka yar da babban katin nan.

3. Yadda ɗan damfara yake aiki

Ɗan damfara ba ya fasa ƙofa, lallaɓa ka yake yi ka miƙa masa makullin da hannunka. Ga yadda irin wannan kira yake kasancewa.

Misali na 2

Wata mai ɗinki tana kan keke da yamma, wayarta ta yi ƙara.

“Salamu alaikum, Hajiya, barka da yamma. Daga banki nake kira.” Ya faɗi cikakken sunanta da ranar haihuwarta, bai yi kuskure ba.

“Wa alaikumus salam. Lafiya dai ko, Malam?”

“Lafiya ƙalau, Hajiya, sai dai BVN ɗinki ta samu matsala. Idan ba a gyara kafin ƙarfe biyar ba, za a rufe asusunki. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarki, ki karanto mini in gyara miki, ba sai kin sha wahalar zuwa ba.”

Gabanta ya faɗi, domin kuɗin adashen mata goma sha biyu suna cikin asusun. Lambar ta shigo. Ta kai idonta kan saƙon, sai ta ga a ƙasa an rubuta cewa kada a faɗa wa kowa.

Ta ce, “To Malam, na gode. Gobe da safe zan zo bankin da kaina.”

“Hajiya, kafin gobe an rufe fa! Ni taimakonki nake so in yi.”

“Allah Ya saka. In an rufe a buɗe mini a can.” Ta kashe wayar.

Mu duba alamomin da ke cikin wannan kira. Na ɗaya, tsoratarwa: za a rufe asusu. Na biyu, gaggawa: kafin ƙarfe biyar, don kada ta samu damar yin shawara. Na uku, neman makulli: ki karanto mini lambar. Sanin sunanta da ya yi ba hujja ba ne, domin irin waɗannan bayanai suna yawo a takardun da muke cikewa da kuma shafukan sada zumunta. Lambar da ta shigo kuwa ta gaske ce. Shi ne yake ƙoƙarin shiga asusunta daga wata waya, banki kuma ya turo OTP ga mai layin domin ya tabbatar. Da ta karanta masa, da ta buɗe masa ƙofa.

> Akwatin kalmomi
> Mahaɗi: rubutun nan mai launin shuɗi da yake zuwa cikin saƙo, wanda idan aka danna yake kai mutum wani shafi na intanet.
> Alat: saƙon da banki yake turowa idan kuɗi sun shiga ko sun fita daga asusu.

Wasu dabarun da ake yawan gani:

- Saƙon tallafi. “Gwamnati tana raba kuɗi, danna nan ka cike.” Mahaɗin yana kai ka shafin bogi da zai nemi BVN da lambar katinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.
- Satar WhatsApp. Wani ya kira ya ce za a yi taron ƙungiyarku ta waya, ka faɗo masa lamba 6 da aka turo maka. Da ita zai ɗauke WhatsApp ɗinka ya shiga roƙon kuɗi a wurin 'yan'uwanka. Maganinsa shi ne ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar.
- Ɗan'uwa a cikin matsala. Saƙo daga baƙuwar lamba cewa ɗanka yana asibiti, a turo kuɗi yanzu. Ka kira ɗan naka a lambarsa da ka sani, ko wani da ke kusa da shi.
- Manhajar bashi. Wasu suna neman izinin shiga sunaye da hotunan wayarka. Idan ka makara da biya, sai su riƙa tura wa mutanenka saƙon cin mutunci. Ka karanta izinin da manhaja take nema kafin ka amince.

Misali na 3

Wani mai sayar da hatsi yana da naira 42,300 a asusunsa da safe. Wani mutum ya auni shinkafa da wake na naira 18,500, ya ce ya tura, ya nuna masa shaidar biya a fuskar wayarsa. Nan take wani saƙo ya shigo wayar mai hatsi mai kama da alat.

Lissafi: 42,300 + 18,500 = 60,800.

Mai hatsi ya shiga asusunsa da kansa ya duba ragowar kuɗi, ya ga 42,300 suna nan yadda suke. Ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri, ba su shigo ba tukuna. A ɗan zauna mu jira, ko mu je wurin mai POS.” Idan matsalar sabis ce, mai gaskiya zai jira. Idan bogi ne, zai ce bari ya je ya dawo. Shaidar da ke wayar mai saye da saƙon tes duka ana iya ƙirƙirar su. Abin dogaro shi ne ragowar kuɗin da ka gani da idonka a cikin asusunka.

4. Idan waya ta ɓata, da sayen ta hannu

> Akwatin kalmomi
> IMEI: lambar da kamfanin ƙera waya ya ba kowace waya, mai alƙaluma 15. Kamar lambar inji ce a jikin babur. Ana ganin ta idan aka danna \*#06#, tana kuma jikin kwalin wayar.

Tun yau ka rubuta IMEI ɗin wayarka ka ajiye tare da rasiɗi. Idan masu ƙwace suka tare ka da makami, ka ba su. Ana sayen wata wayar, ba a sayen rai. Bayan ka tsira, ka bi wannan tsari:

1. Banki. Ka ari waya ka rufe asusunka. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya domin wannan. Ka tambayi ta bankinka tun kafin buƙata ta taso.
2. Kamfanin layi. Ka sa a rufe layin, sannan ka je da NIN ɗinka a ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka, abin da mutane suke ce wa walkam-bak.
3. 'Yan sanda. Ka kai rahoto tare da IMEI da rasiɗi. Takardar rahoton za ta kare ka idan aka aikata laifi da wayar.
4. Jama'arka. Ka sanar da su kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

An sa banki a farko ne domin ɓarawon da ya iya aikinsa ba ya kwana bai gwada asusu ba.

Wurin sayen waya ta hannu, ka saya a shago mai mazauni, a rubuta maka rasiɗi mai ɗauke da IMEI da sunan shagon, ka danna \*#06# a gaban mai sayarwa ka ga ko lambobin sun dace. Wayar naira 150,000 da wani ya tare ka da ita a tasha ya ce ka kawo 40,000, ka san da walakin. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma idan aka bi sawun wayar, a hannunka za a same ta. Haka nan idan za ka ba mai gyara ko mai caji wayarka, ka cire sim da memori ka riƙe a wurinka.

5. Abin da kake rubutawa da abin da kake turawa

Magana zarar bunu ce. A waya ma abin ya fi haka, domin wanda ka tura wa yana iya adana saƙon ko ya ɗauki hotonsa, ko da kai ka goge naka.

A 2015 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet a Najeriya, aka yi mata gyara a 2024. Dokar ta haramta damfara ta waya, da yin sojan gona da sunan wani, da hotunan batsa na yara. Sashe na 24 ya yi magana a kan tura saƙon batsa, da tura labarin da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da fitina ko jefa rayuka cikin haɗari. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta ɗora wa kamfanoni da hukumomi nauyin tsare bayanan da suka karɓa daga hannunka. Ɓata suna kuma dama laifi ne tun kafin a san waya.

Cewa “ni ma turo mini aka yi” ba ta wanke mutum a wurin wanda aka ɓata wa suna. Kafin ka tura, ka yi wa kanka tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe abin ya faru? Wa zai cutu idan ƙarya ne? Sau da yawa hoton da ake yaɗawa a lokacin rikici tsoho ne, ko na wata ƙasa ne. Idan kafar labarai da aka sani ba ta kawo shi ba, ka bar shi ya tsaya a kanka.

Idan aka yi haɗari a hanya, amfanin waya shi ne kiran agaji. Ɗaukar hoton gawa ko mai rauni a watsa cin zarafi ne, kuma wani gidan a waya suke fara ganin mutuwar ɗansu kafin a zo a sanar da su.

6. Wuraren da ake ajiye waya

Tuƙi. Dokar hanya ta hana direba amfani da waya yana tuƙi. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna kama mai yin haka, kuma tarar da ke jadawalinsu ita ce naira 4,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari. Saka abin ji a kunne ba ya kawar da haɗarin, domin hankali ne yake rabuwa. Ba a tauna taura biyu.

Misali na 4

Direba yana gudun kilomita 60 a awa. Saƙo ya shigo, ya sunkuya ya duba na daƙiƙa 3. Mita nawa motar ta ci bai ga hanya ba?

- Kilomita 60 = mita 60,000
- Awa 1 = daƙiƙa 3,600
- 60,000 ÷ 3,600 = kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya
- A daƙiƙa 3, kusan mita 50

Mita 50 kusan rabin tsawon filin ƙwallo ne. A cikin gari, wannan tazara ta isa yaro ya tsallako titi, ko mai Adaidaita ya taka birki a gabanka. Ɗan acaɓa da yake cusa waya cikin hula yana tafe, shi ma lissafin nan ya hau kansa. Idan kiran na dole ne, ka gangara gefe ka tsaya. Kai ma fasinja kana da ikon cewa, “Direba, don Allah a ajiye wayar nan.”

Sauran wurare

- Ɗakin jarrabawa: WAEC da NECO da JAMB sun hana shiga da waya. Samun ta a jikin ɗalibi kaɗai yana iya jawo a soke sakamakonsa.
- Rumfar dangwala ƙuri'a: tun 2018 Hukumar Zaɓe ta hana shiga da waya wurin da ake dangwalawa, domin a toshe hanyar ɗaukar hoton ƙuri'a a je a karɓi kuɗi.
- Jirgin sama: ka bi umarnin ma'aikata. Idan sun ce a kashe, ka kashe.
- Gidan mai da wurin sayar da gas: ka bi abin da aka rubuta a allo.
- Masallaci, coci, kotu, asibiti da wurin jana'iza: ka kashe ƙara kafin ka shiga.

7. Batir, jiki da yara

Batirin waya ba ya son zafi. Kada ka bar ta a gaban mota cikin rana, kada ka saka ta caji a ƙarƙashin matashi ko a kan katifa. Idan bayan wayar ya kumbura, ka daina caji ka kai a canza batirin, domin yana iya kama wuta. Ka guji caja mai tsinkakkiyar waya da taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Mai jin rediyo ko karatu da abin kunne, kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar, kuma ya riƙa hutar da kunnensa.

Yaron da ka ba wayarka ya yi wasa, ka ba shi asusunka da sunanka. Ka rufe manhajar banki da lamba, ka ƙayyade masa lokaci, ka san da wa yake hira. Ka nuna masa cewa idan wani baƙo ya nemi hotonsa ko kwatancen gida, ya zo ya faɗa maka ba tare da tsoron duka ba.

8. Haƙƙinka a matsayin mai layi

Yadda doka ta ɗora maka nauyi, haka ta ba ka haƙƙi. Ba daidai ba ne a cire maka kuɗi a kan waƙar kira ko wani tsari da ba ka nema ba. Ka fara kai ƙorafi wurin kamfaninka, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta. Idan ba a share maka hawaye ba, ka kira NCC ka ba su wannan lamba. Tun 2023 an daidaita gajerun lambobi, sun zama iri ɗaya a duk kamfanonin layi.

| Lamba | Amfaninta |
|---|---|
| 300 | kiran kamfanin layinka |
| \*310# | duba ragowar kati |
| \*323# | duba ragowar data |
| 2442 | tura kalmar STOP domin tsayar da saƙonnin talla |
| 622 | kai ƙorafi NCC, kyauta |
| 112 | kiran gaggawa, kyauta |
| 122 | Hukumar Kiyaye Haɗurra |

Lambobin gaggawa ba na wasa ba ne. Mai kiran ƙarya yana tare wa mai buƙatar gaske hanya. Idan kuma an riga an damfare ka, kada kunya ta hana ka magana. Ka sanar da banki nan take, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC tare da lambar da aka kira ka da ita da asusun da kuɗin suka tafi.

Taƙaitawa

- Layinka sunanka ne, kada ka ara wa kowa NIN ɗinka.
- Lambar sirri da OTP makulli ne, ba a faɗa wa kowa.
- Tsoratarwa da gaggawa da neman lamba su ne alamomin damfara.
- Ragowar kuɗi ake dubawa kafin a miƙa kaya.
- Idan waya ta ɓata: banki, kamfanin layi, 'yan sanda, jama'a.
- Kai ne mai alhakin abin da ya fita daga wayarka.

Aikin aji

1. Kowa ya danna \*#06#, ya kwafi IMEI ɗin wayarsa a littafi, ya ƙirga ya tabbatar alƙaluma 15 ne.
2. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ɗan damfara, ɗaya mai asusu. Sauran ɗalibai su ɗaga hannu duk lokacin da suka ji ɗaya daga alamomin nan uku.

Tambayoyin bita

A. Cike gurbi

1. NIN tana da alƙaluma \_\_\_\_, IMEI kuma tana da \_\_\_\_.
2. Hukumar da take sa ido a kan kamfanonin layi ita ce \_\_\_\_.
3. Idan layi ya kulle, ana buɗe shi da lambar \_\_\_\_.
4. Lambar kiran gaggawa ita ce \_\_\_\_.

B. Gaskiya ko ƙarya

5. Ma'aikacin banki yana da ikon tambayar OTP ta waya.
6. Babu laifi ka ba abokin ciniki lambar asusunka.
7. Direban da ya saka abin ji a kunne ya tsira daga haɗarin waya.
8. Wanda ya sayi wayar sata yana iya shiga hannun hukuma.

C. Lissafi

9. Kana da naira 27,450 a asusu. An ce an turo maka naira 9,800. Nawa ya kamata ka gani?
10. Mota tana gudun kilomita 90 a awa. Direba ya kalli waya na daƙiƙa 4. Mita nawa ta ci?

D. Yi bayani

11. Me ya sa ake fara tuntuɓar banki idan waya ta ɓata?
12. Kawo tambayoyi uku da za ka yi wa kanka kafin ka tura labari.
13. Maƙwabcinka ya roƙe ka ka yi masa rajistar layi da NIN ɗinka. Rubuta amsar da za ka ba shi, wadda za ta tsare sunanka ba tare da ta ɓata zumuncinku ba.